Jibralta: Makullin Teku A Hannunsa, Abincinsa A Hannun Maƙwabci

Maƙalar wannan mako za ta kai mu can ƙarshen kudancin Turai, inda ƙasar Sifaniya ta miƙo wani siririn hannu cikin teku tana fuskantar Maroko. A ƙarshen hannun akwai ƙaton dutse, a gindin dutsen akwai gari, garin kuwa ba na Sifaniya ba ne. Na Birtaniya ne, wadda ke can nesa da tazarar fiye da kilomita 1,500. Sunan wurin Jibralta. Masu kallon ƙwallo za su tuna sunan, don su ne Faransa ta zura wa ƙwallo 14 ba ko ɗaya a watan Nuwamban 2023. Waɗanda suka yi karatun tarihin Musulunci kuwa sun san shi da sunansa na asali, Jabal Ɗariƙ.

Duka-duka faɗin ƙasar bai cika murabba'in kilomita 7 ba. Cikin badalar Kano ya fi shi girma nesa ba kusa ba. Tsawonsa kamar kilomita 5 ne, ruwa ya kewaye shi gabas da yamma da kudu, sai ta arewa ne kawai yake manne da Sifaniya ta wani shimfiɗaɗɗen fili mai rairayi, inda iyakar ƙasa ba ta wuce kilomita ɗaya da 'yan kai ba. Dutsen ya tashi sama mita 426, kuma shi ya cinye mafi yawan filin. Mutane dubu talatin da wani abu ne ke cunkushe a gefensa na yamma, da kan ƙasar da aka cike teku aka samar. Saboda ƙarancin fili, titin da jirgin sama ke sauka a kai ya ratsa hanyar da ta fito daga iyaka zuwa cikin gari. Shekara da shekaru sai an tsayar da motoci kamar a mahaɗar jirgin ƙasa kafin jirgi ya sauka, sai a 2023 aka buɗe wa motoci hanya ta ƙarƙashin ƙasa.

Abin da ya ba wurin daraja shi ne mazauninsa. Yana zaune a bakin mashigin da ya haɗa Bahar Rum da Tekun Atlantika, mashigin da a wuri mafi ƙunci bai wuce kimanin kilomita 14 tsakanin Turai da Afirka ba. Ranar da sama ta washe, wanda ke kan dutsen yana hango duwatsun Maroko ƙuru-ƙuru. Duk jirgin ruwan da zai shiga Bahar Rum daga yamma ko ya fita, ta nan zai bi.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Jibralta ba ta da kogi, ba ta da gona. Dutsen irin wanda ake yin siminti da shi ne, cike yake da koguna da tsaguwa, ruwan sama na sauka yake zurarewa. A farkon ƙarni na 20 sai da aka lulluɓe gangaren gabashin dutsen da kwanon rufi don a tari ruwan sama a tura shi manyan tankunan da aka haƙa a cikin dutse. Yau ruwan teku suke tacewa su cire gishirin su sha, kuma har yanzu famfo biyu ke shiga gidaje, ɗaya na ruwan sha, ɗaya na ruwan gishiri don wanke makewayi. Abinci daga waje yake zuwa, itace da gawayi daga waje, ma'aikata daga waje. Ku riƙe wannan, domin a ganina kusan duk tarihin wurin a kansa yake juyawa: mai dutsen yana iya tsare wa duniya ƙofar teku, amma shi ma ana iya tsare masa ƙofar abinci.

A shekarar 711 ne Ɗariƙu bin Ziyad, wanda ke riƙe da Tanja a ƙarƙashin Musa bin Nusair, ya ƙetaro da mayaƙa kimanin 7,000, akasarinsu Barbar na Arewacin Afirka. A cikin watan Yulin wannan shekara suka karya rundunar Sarki Rodarik, daga nan Andalus ta buɗe. Sunan Jabal Ɗariƙ ne bakin Sifaniyawa ya lanƙwasa, har ya zama Jibralta.

Nan zan ɗan tsaya saboda mu masu rubutu. Kowa ya san labarin cewa Ɗariƙu ya ƙone jiragensa bayan sauka don kada mayaƙansa su yi tunanin komawa. Labari ne mai daɗi, ana jin sa a wa'azi da wasan kwaikwayo na makarantun Islamiyya, kuma yana shiga rubuce-rubucenmu. Sai dai marubutan tarihi na farko da suka ba da labarin buɗe Andalus ba su kawo shi ba. Sai a ƙarni na 12 ya bayyana a rubutun Al-Idrisi, bayan shekara 400 da faruwar abin. Ga shi kuma ruwayoyin sun ce jiragen ma na Yuliyan ne, mai mulkin Sabta, aro ya bayar, kuma bayan saukar an aiko wa Ɗariƙu ƙarin mayaƙa ta wannan tekun. Wanda zai sa shi cikin ƙagaggen labari ba shi da laifi. Wanda zai rubuta tarihi kuwa ya kamata ya faɗa wa mai karatu cewa malaman tarihi da yawa ba su amince da shi ba. Jarumtar Ɗariƙu ba ta bukatar ƙari.

Shi Ɗariƙu bai kafa gari a wurin ba, wucewa ya yi. Sai a 1160 Abdulmumin, sarkin daular Muwahhidun, ya sa aka gina birni mai ganuwa aka kira shi Madinatul Fathi. Kiristocin Kastil sun ƙwace shi a 1309, Banu Marin na Maroko suka maido da shi a 1333, kuma hasumiyar da suka sake ginawa tana nan tsaye har gobe a gefen dutsen. A 1350 Sarki Alfonso na 11 ya mutu a bakin ganuwar yana tsakiyar yi mata ƙawanya, babbar annobar da ta share Turai a lokacin ce ta ɗauke shi. Jim kaɗan bayan haka Ibn Baɗuɗa ya ƙetaro daga Sabta da niyyar shiga cikin masu kare wurin, ya tarar ƙura ta lafa, sai ya zagaya ya duba ganuwar ya wuce Garnaɗa. Wannan mutumin ne bayan shekara uku ya isa Takadda a yankin Agadas na yau, inda ya ambaci wata ƙasa da ake kai wa tagulla, wadda masana da dama ke ganin Gobir ce. Wato idon da ya ga Jabal Ɗariƙ ya zo har bakin ƙofarmu.

Kastil ta karɓe dutsen karɓa ta ƙarshe a 1462, shekara 30 kafin faɗuwar Garnaɗa. A 1502 Sarauniya Isabela ta ba garin tambari, hoton ganuwa da makulli na lilo a ƙasanta. Shi ne a tutar Jibralta har yau, tambarin da sarauniyar Sifaniya ta bayar yana kaɗawa a ƙasar Birtaniya.

Yadda Ingila ta shigo kuwa, rigimar gado ce. Sarkin Sifaniya Carlos na 2 ya mutu a 1700 bai bar ɗa ba, manyan ƙasashen Turai suka rabu biyu kan wanda zai gaje shi. A watan Agustan 1704 jiragen yaƙin Ingila da Holan ƙarƙashin George Rooke suka kama Jibralta, ba ma da sunan Ingila ba, da sunan ɗan sarkin Ostiriya da suke mara wa baya. Mutanen garin, kusan su 4,000, suka kwashe kayansu da takardun majalisar garinsu suka fice, 'yan kaɗan ne suka rage. Akasarinsu sun zauna a kan wani tudu da ke kusa, suna jiran a kori baƙi su koma gida. Wurin ya zama garin San Roke, kuma har yau yana ɗaukar kansa magajin Jibralta ta asali. Ɗan sarkin Ostiriya bai samu sarautar ba, amma da aka zauna sulhu a Utrek a 1713, Ingila ta fito da dutsen a aljihunta.

Sashe na 10 na wannan yarjejeniya shi ne tushen gardamar da ake yi har yanzu. Sifaniya ta sallama garin da ganuwarsa da tashar jirginsa har abada. Amma ta gindaya sharuɗɗa: ba za a buɗe hanyar ciniki ta ƙasa tsakanin garin da kewayensa ba, ba za a bar Bayahude ko Musulmin Maroko ya zauna a ciki ba, kuma duk ranar da Birtaniya ta so rabuwa da wurin, Sifaniya za a fara yi wa tayi.

Ku dubi sharaɗi na farko da na biyu tare. An rufe wa barikin soja ƙofar ƙasa, ba shi da gona, to daga ina zai ci? Daga Maroko. Shanu da kaji da kayan lambu daga Tanja da Tiɗwan suke zuwa, kuma masu wannan fatauci Yahudawa ne da Musulmi, waɗanda aka ce kada su zauna. Gwamnonin Ingila suka zaɓi ciki a kan takarda. Yahudawan Tiɗwan suka zauna suka gina wuraren ibadarsu. Masunta da 'yan kasuwa suka zo daga Jenowa ta Italiya, wasu daga Fotugal da Minorka, daga baya 'yan Malta suka zo aikin tashar jirgi, Indiyawa 'yan Sind suka buɗe kantuna, sojojin Ingila da suka gama aiki suka auri matan Sifaniya suka zauna. Ba wanda ya shirya kafa al'umma. Bariki ne ke neman mai kawo nama da mai wanki da mai dako, sai jikokin waɗannan suka wayi gari ba su da wani gida sai dutsen. Har harshe suka ƙera, ana ce masa Yanito, Sifaniyancin kudu ne da aka cakuɗa da Turanci da 'yan kalmomin Jenowa da Ibrananci. Mutum zai fara jimla da wannan ya ƙarasa da wancan, abin da mu masu ingausa ba za mu yi wa dariya ba.

Sifaniya ta gwada ƙarfi a 1727 ba ta yi nasara ba. Gwaji mafi girma shi ne ƙawanyar da ta fara a 1779 ta ƙare a 1783, shekara uku da wata bakwai, Faransa na taya ta. An fi tuna ranar 13 ga Satumban 1782, lokacin da aka turo manyan jirage goma da aka yi musu sulke na katako aka ɗora igwa, sojojin Janar Eliott suka riƙa gasa harsashin igwa a wuta har ya yi ja suna harba musu, jiragen suka kama da wuta. A wannan ƙawanya ce kuma aka fara haƙa ramuka cikin dutsen don a samu wurin girke igwa, aikin da aka ci gaba da shi har tsawon ramukan ya kai kimanin kilomita 55. Amma abin da ya kusa kayar da garin yunwa ce. A 1780 Sarkin Maroko ya daidaita da Sifaniya ya rufe wa Ingilishi tashoshinsa. Ɗanyen abinci ya yanke, ciwon da ke kumbura dasashi ya zubar da haƙora ya kama sojoji. Sau uku rundunar ruwan Birtaniya tana fasa ƙawanyar ta shigo da abinci, ba don haka ba da igwa ba ta yi amfani ba.

Ƙarni na 19 na arziki ne, musamman bayan buɗe mashigin Suwes a 1869, lokacin da hanyar Ingila zuwa Indiya ta koma ta Bahar Rum. Jibralta ta zama tashar shan kwal da gyaran jirage. Farar hula dai baƙi ne a garinsu, gwamna janar ɗin soja ne, da yamma a harba igwa a rufe ƙofofin gari.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya nuna musu matsayinsu ƙarara. A 1940 aka kwashe mata da yara da tsofaffi, fiye da mutum 13,000, don a bar wa soja fili. Aka fara kai su Maroko ta Faransa, da Birtaniya da gwamnatin Faransa ta lokacin suka ɓata aka koro su, aka rarraba su zuwa Landan ana tsakiyar ruwan bama-bamai, da tsibirin Madera, da Jamaika, daga baya Ailan ta Arewa. A filin sukuwar dawaki aka shimfiɗa filin jirgin sama, kuma daga cikin ramukan dutsen Janar Eisenhower ya jagoranci saukar sojojin ƙawance a Arewacin Afirka a Nuwamban 1942. Na ƙarshen waɗanda aka kwashe ba su dawo ba sai 1951. Fafutukar a maido da iyalai gida ita ce ta haifi siyasar garin. Ƙungiyar neman 'yancin farar hula da aka kafa a 1942 ta fito da wani matashin lauya Bayahude, Joshua Hassan, wanda ya zama babban minista na farko a 1964.

Daga nan rigimar ta sauya kama. Janar Franko na Sifaniya ya kai ƙara Majalisar Ɗinkin Duniya yana cewa wannan mulkin mallaka ne a cikin ƙasarsa, kuma ya samu goyon bayan ƙasashe da yawa da suka fito daga mulkin mallaka. Birtaniya ta ce a tambayi mutanen. Ranar 10 ga Satumban 1967 aka kaɗa ƙuri'ar raba gardama: mutum 12,138 suka zaɓi zama da Birtaniya, 44 suka zaɓi Sifaniya. A watan Yunin 1969 Franko ya rufe iyaka ruf. Aka tsayar da jirgin fito, aka yanke wayar tarho. Dubban ma'aikatan Sifaniya daga garin La Liniya da ke manne da shingen suka rasa aikinsu a rana ɗaya. Iyalai da aure ya haɗa suka koma tsayawa a bakin shinge suna ɗaga murya, a ɗaga jariri sama don kaka ta gani daga ɗaya ɓangaren. Mai son zuwa jana'izar ɗan uwansa a garin da yake hangowa da ido sai ya hau jirgin ruwa zuwa Tanja a Afirka, sannan ya sake hawa wani ya dawo Sifaniya.

Wa ya cike gurbin ma'aikatan? Maroko dai, kamar a 1713. Dubbai suka ƙetaro, aka zuba su a tsofaffin ɗakunan bariki cikin cunkoso, kuma da yawansu sun yi shekaru aru-aru suna aiki kafin a ba su takardar zama ɗan ƙasa. Wannan tabo ne a tarihin garin da ke alfahari da zaman lafiyar addinai. Yau a can ƙarshen kudu, inda ƙasa ta ƙare ana kallon Afirka, akwai masallacin Ibrahim al-Ibrahim, kyautar Sarki Fahad na Saudiyya, da aka buɗe a 1997.

Franko ya mutu a 1975 ƙofar na rufe. Sai a Disambar 1982 aka buɗe wa masu tafiya a ƙasa, aka buɗe gaba ɗaya a Fabrairun 1985, saboda Sifaniya na neman shiga ƙungiyar kasuwar Turai kuma tana bukatar amincewar Birtaniya. Rufewar ba ta karya su ba, sai ma ta raba zukatansu da Sifaniya fiye da da. Da gwamnatocin biyu suka fara maganar mulkin haɗin gwiwa, mutanen suka shirya tasu ƙuri'ar a Nuwamban 2002, 17,900 suka ce a'a, 187 suka ce e.

Wa ke da gaskiya? Sifaniya na cewa mutanen asali su ne waɗanda aka kora a 1704, na yanzu dashe ne, kuma filin da aka gina tashar jirgin sama da ruwan da ke kewaye ba sa cikin abin da aka sallama a Utrek. Maganar filin tana da ƙarfi. Sai dai laifi tudu ne, ita ma tana riƙe da Sabta da Malila a gaɓar Maroko, kuma ba ta son a taɓa zancen. Ga lissafi kuma: Musulmi sun riƙe dutsen fiye da shekara 700, Sifaniya 242, Birtaniya ta haura 320. Dashen da ya shekara 300 ya zama ɗan gida. Ni ina tare da masu cewa ra'ayin mazauna ne abin bi. Amma ban yarda cewa tsabar son gaskiya ce ta sa Birtaniya riƙe wannan hujja ba. Ita ce ta kwashe mutanen tsibiran Chagos tsakanin 1968 da 1973 don a gina wa Amurka sansani, a daidai shekarun da take cewa ƙuri'ar Jibralta abar girmamawa ce, kuma ba ta tambaye su komai ba. Mu ma a nan mun ga Bakasi: wata guda kafin ƙuri'ar Jibralta ta 2002 kotun duniya ta ba Kamaru yankin bisa yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1913, ba a kafa wa masuntan wurin akwatin zaɓe ba.

Saura tambayar da me suke ci yanzu. A farkon shekarun 1980 fiye da rabin tattalin arzikin garin daga aljihun ma'aikatar tsaron Birtaniya yake fitowa. Da aka rufe ma'aikatar gyaran jiragen yaƙi a 1984 aka rage soja, dole suka nemi wata sana'a. Tsohuwar sana'ar mazauni tana nan: jiragen da ke ratsa mashigin suna tsayawa shan mai, kuma tashar na cikin manyan wuraren sayar wa jirage mai a Bahar Rum. 'Yan yawon buɗe ido na zuwa kallon ramuka da koguna da biran dutsen, waɗanda su kaɗai ne birai masu yawo sake a Turai, har ana camfin cewa ranar da suka ƙare mulkin Birtaniya ya ƙare. Amma babban kuɗin a ofis yake. Sun gano cewa ƙaramar ƙasa mai majalisarta tana iya sayar da doka: haraji mai sauƙi, tsarin shari'a irin na Ingila, da lasisi. Kamfanonin inshora suka taru, har kaso mai tsoka na motocin da ke yawo a Birtaniya a Jibralta aka yi musu inshora. Daga ƙarshen shekarun 1990 manyan kamfanonin cacar intanet suka kwararo. Sana'a ce da ba zan yaba ba, amma tana ɗaukar dubban ma'aikata. Arhar taba sigari kuma ta daɗe tana ciyar da 'yan fasa-ƙwauri, abin da ke ƙona wa Sifaniya rai.

Duk wannan arziki da ƙafar maƙwabci yake tafiya. Kimanin mutum 15,000 ne ke ƙetaro iyaka kowace safiya su yi aiki su koma da yamma, a asibiti da otal da wurin gini da ofisoshin cacar, akasarinsu daga La Liniya, garin da ke cikin masu fama da rashin aikin yi a Sifaniya. A shekarun baya, duk ranar da aka samu saɓani, ya isa jami'an Sifaniya su tsananta duba takardu, layi ya kai awanni. Shi ya sa a ƙuri'ar ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai a 2016, kusan kashi 96 cikin ɗari na masu zaɓe a Jibralta suka ce a zauna. Ƙuri'ar Ingila ta rinjaye su, suka fita tare da ita, shingen nan ya zama iyakar Tarayyar Turai.

An shekara da shekaru ana ja-in-ja, sai ranar 11 ga Yunin 2025 aka sanar da cimma matsaya tsakanin Birtaniya da Tarayyar Turai da Sifaniya da gwamnatin Fabian Picardo. Abin da aka amince shi ne a daina binciken mutane da kaya a iyakar ƙasa, a mayar da binciken filin jirgin sama da tashar jirgin ruwa, inda matafiyi zai nuna fasfo sau biyu, ga jami'in Jibralta da kuma ɗan sandan Sifaniya. Ma'ana Baturen Ingila da ya taso daga Landan zuwa ƙasar da ke ƙarƙashin sarkinsa, sai jami'in Sifaniya ya duba shi kafin ya shiga. Batun wa ke da dutsen kuwa, ɓangarorin biyu sun rubuta cewa kowa na nan a kan bakansa.